Ranar da zanen barkwanci ya raba mini aji gida biyu

Har yanzu in na tuna wannan Talatar sai raina ya ɓaci, kuma laifina ne, ba na yaran ba. Ina koyar da Gwamnati a SS2 a wata sakandare nan Kano. Watan Fabrairun 2023 ne, ana cikin wahalar canjin kuɗi, mutane na kwana a layin ATM, zaɓen shugaban ƙasa saura kwanaki kaɗan, sai na ce bari in yi amfani da zafin nan in koya musu yadda ake karanta zanen barkwanci na siyasa. Na samo wani daga jarida na yi fotokwafi: dogon layi a bakin banki, a gefe ga wani mai ƙaton tumbi da babbar riga yana share takardun naira da tsintsiya.

Na raba musu, kuma tambayar farko da na yi ita ce ta kashe ni. Na ce "me mai zanen yake nufi?"

Wallahi ko minti biyu ba a yi ba. Wani yaro daga baya ya ɗaga murya wai ai gaskiya aka faɗa, wani ya miƙe ya ce to ku masu jar hula me kuka tsinana, aji ya kaure, har da buga benci. Ba wanda ya ƙara kallon takardar, tsintsiyar kawai suka gani, alamar jam'iyyar APC, kowa ya ɗauko rigimar gidansu ya zo da ita. Washegari mahaifin wata yarinya ya zo wajen firinsifal wai malami na yi wa yara kamfen a aji. Na sha bayani. Abin da ya fi min ciwo shi ne mutumin yana da hujja, domin in ka ga takardar nan a jakar 'yarka ana saura kwana huɗu zaɓe me za ka ɗauka?

Kusan sati huɗu ban sake taɓa maganar ba. Sai da aka gama zaɓen gwamna na 18 ga Maris ƙura ta ɗan lafa na dawo, wannan karon ba jam'iyyar da ke raye a ciki. Na zana fartanya a allo, da tauraro, da zakara, alamomin tsofaffin jam'iyyu, na ce su je su tambayi kakanninsu. Suka dawo da NPC da NEPU da NCNC, wata ma ta ƙaro da makullin PRP da labarin 'yan santsi da 'yan taɓo, ɓangarori biyun da PRP ta rabu, kakarta ta zauna ta ba ta tas. Ba wanda ya yi fushi saboda ba uban kowa a ciki. Daga nan na kawo musu zanen Akinola Lasekan, wanda yake sa hannu da Lash a jaridar West African Pilot ta Azikiwe tun zamanin Turawa, na nuna musu shi ma fa yana da ɓangare, jaridar ta NCNC take yi, saboda haka duk zanen da ka gani ka tambaya wa ya zana, a wace jarida, a wace shekara.

Kuma na hana tambayar "me yake nufi" gaba ɗaya sai ƙarshen firiyod. Farko kowa ya rubuta abin da idonsa ya gani kawai, mutum nawa ne, wa aka yi ƙato wa aka yi ɗan mitsitsi, wa ke da takalmi wa ke tafiya ƙafa a ƙasa, me aka rubuta a jikin jaka. Minti goma ana wannan shiru kamar ana jarabawa. Da na yi haka a Fabrairu da tumbin nan da layin nan za su fara gani kafin tsintsiyar.

Abin da ya ba ni mamaki kuwa, ashe yaran nan sun riga ni sanin darasin. Ina ta fama da bayanin yadda ake faɗin abu a nufi wani, sai wata yarinya ta ce "Malam ai habaici ne." Shi kenan. Wani ya ce a'a wannan zambo ne tunda an nuna mutumin ƙiri-ƙiri an kuma ƙara masa hanci, habaici ai ba a kama suna, mai shi ne ke tsarguwa. Suka yi ta muhawara a kan wanne ne gugar zana wanne ne cin mutunci zalla, da misalai daga gidan biki da zaman kishiyoyi da bakin maroƙa, ni ina tsaye da alli ina jin daɗi har cikin raina. Shekara nawa ina koyarwa ban taɓa haɗa su ba.

Malamin da zai gwada, don Allah ka nuna wa firinsifal zanen tukuna, kuma ka karɓe takardunka in an tashi kar su tafi gida ba bayani. Zanen da ya taɓa addini kuwa ko kusa, ban kawo ba kuma ba zan kawo ba. Shi wancan na tsintsiyar yana nan a durowata, sai a zango na uku na sake fito da shi, yaron da ya fara ihu ranar nan shi ne ya lura cewa duk mutanen da ke layin ba a zana musu baki ba.