Hoton Baba mai goro ya fito a zuwa na 5

Salam 'yan uwa masu koyo. Daren jiya sai wajen ƙarfe 2 na kwanta, ina ta tace hotunan bana, cikin sama da 3000 na ware 12 da zan ɗora a Facebook a matsayin na shekara, kuma wlh wanda na sa a gaba shi ne wanda ya fi wahalar da ni, shi ya sa na kasa haƙuri sai na ba ku labari.

Wani dattijo ne mai sayar da goro a babbar kasuwar Garwa ta ƙasar Kamaru, kullum cikin farar riga da farin rawani, fuskarsa kuma baƙa wuluk mai sheƙi, da tsage a kumatu. Tun watan 3 nake binsa. Kun san ranar Garwa a wannan lokaci, zafi ya haura 40, haske kamar zai fasa ido. Zuwan farko na bar kamarata Canon 600D ta auna hasken da kanta, to ita ba ta san mutum ba, farin nan kawai ta gani ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, rigar ta fito tas amma fuska ta zama duhu, ido ma ba a gani. Na koma na ƙara wa kamara haske da +1, fuska ta ɗan buɗe, sai rawani ya ƙone ƙurmus, babu lanƙwasa ko ɗaya, fari fat kamar takarda. Na zauna a kwamfuta ina ƙara wa wuraren da suka yi duhu haske, fatar ta koma toka-toka da ɗige-ɗige kamar an watsa mata yashi. Raina ya ɓaci sosai ranar, don mutumin nan yana da kwarjini, ni kuma na kasa nuna shi.

Zuwa na 3 na gwada filasha. Goshinsa ya yi ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, shi ma bai ji daɗi ba, ya ce ɗana wannan walƙiyar taka tana kashe min ido. Na ba shi haƙuri na tafi. A hanya batirin da na saya jaka 15 ya mutu murus, ashe jabu ne, ko wata 2 bai yi ba, har yanzu in na tuna kuɗin nan sai na ji zafi.

Abin da ya buɗe min ido shi ne na zauna ina kallon aikin Seydou Keïta, mutumin Bamako da ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948. Yawancin hotunansa a tsakar gida ya ɗauke su da hasken rana, amma dubi fuskokin, ko'ina a bayyane, zanen atamfa ma yana nan. Sai na gane ba lambobin kamara ba ne matsalata, wurin da Baba yake zama ne, rana na dukan rigarsa kai tsaye, rawani kuma ya yi wa fuska rumfa.

Na 4 ban ma fito da kamara ba, na sayi goro na zauna muna hira ina kallon yadda rana ke juyawa. Bayan la'asar inuwar rumfar maƙwabcinsa na rufe shi gaba ɗaya, ƙasar gabansa kuma tana mayar da haske sama zuwa fuskarsa a hankali. Na 5 na zo daidai lokacin. Na saita kamara a RAW (ɗanyen hoton da ake gyarawa daga baya), gilashin 50mm, buɗinsa f/2.8, ISO 200 (ƙarfin jin haske), na auna hasken a kan kuncinsa kawai, na rage kaɗan don in ka bar ta sai ta mayar da baƙar fata ruwan toka, na kulle awon da maɓallin tauraro. Wani yaro ya riƙe min kwalin da na manna wa farar takarda daga hagu don ya mayar da haske fuskarsa. Na ce Baba ɗan dubo nan, ya ɗago yana ɓare goro. Da na duba bayan kamara ba inda ke ƙyaftawa a rawanin (alamar haske ya yi yawa), kowane ninki yana nan, tsagen yana nan, har ɗan haske cikin ƙwayar ido. Alhamdulillahi, sai da hannuna ya yi rawa.

Sauran 11 ɗin ba zan ja ba, akwai dawakan Lamiɗo ranar sallah, masu wanki a bakin Binuwai, da 'yan moto a kan gada da asuba cikin hazo. Na cire wani na wata mai ƙosai duk da ina son shi, don ban nemi izininta ba.

Masu turo min nasu ta WhatsApp, don Allah ku turo a matsayin fayil, in ba haka ba yana matse hoton, inuwar fuska ce ke fara lalacewa. Ni na fitar da nawa a girman pixel 2048 ta dogon gefe kafin in ɗora.

Na wanke na Baba babba na kai masa da safen nan, ya daɗe yana kallo, ya kira maƙwabta suka taru, sannan ya ce a yi masa guda 2, ɗaya zai aika wa 'yarsa a Marwa. Gobe zan koma wurin wankin hoton.