Layin da Ban Karanta Ba a Jikin Katan

Har yau in na shiga ɗakin sanyi, kafin in tambayi farashi sai na juya katan na duba gefensa. Yaran da ke mini lodi har dariya suke yi, wai kamar mai neman sunansa a allon sakamakon jarrabawa. Su yi ta dariyarsu. Layi ɗaya ne tak a jikin kwalin nan, ranar da aka kama kifin aka daskarar da shi, kuma rashin karanta shi ne ya cinye mini kusan rabin jari a shekarata ta uku da fara sarin kifin teku.

A watan Yuli ne wani dillali da muka saba ya kira ni, ya ce ga kifin titus kwantena guda, katan sama da dubu, kowanne kilo 20, mai kayan yana so ya rabu da su cikin satin. Da ya faɗi farashin sai da na ce ya maimaita. Na je aka fasa mini katan biyu. Kifi ya daskare ƙam, zanen bayansa raɗau, ba wari, ba jini. Na duba nauyi, na duba girman da aka rubuta, giram 300 zuwa 500, na duba ranar lalacewa na ga da sauran lokaci mai tsawo. Ranar kamu tana nan saman wannan layin, tazarar ɗan yatsa ɗaya, an rubuta Mayu. Idona ya bi ta kanta ya wuce. Gaskiya ko da na karanta, a lokacin ban san abin da Mayu ke nufi ga titus ba. A wurina kifin da ke cikin ƙanƙara ba ruwansa da wata ko yanayi. Na biya, har ina yi wa kaina kirari a zuci.

Sati bai cika ba wata dattijuwa da ke ɗaukar katan ashirin a wurina duk mako ta zo da kanta, abin da ba ta saba yi ba. Ta ciro kifi ɗaya daga leda, wanda ƙanƙararsa ta narke, ta shimfiɗa mini a kan tebur. Sai a lokacin na ga abin da sanyi ya ɓoye mini. Kai ƙato, jiki siriri, ciki ya lotsa kamar an tsotse. Ta danna gefensa da babban yatsa ta ce, "Ɗana, kifi ka sayar mini ko itace? Mun ɗora a wuta ko ɗigon mai bai yi ba." Na fara kame-kame, wai ƙila wutar ce ta yi yawa. Ta ce, "Tun ba a haife ka ba nake ɗora kifi a wuta." Ta dawo mini da katan goma sha huɗu. Ashe kallon kitse na yi wa rogo.

Wani tsohon ɗan kasuwa da muke ajiye kaya a ɗakin sanyi ɗaya shi ya warware mini. Bai ko taɓa kifin ba. Ya juya katan ya ɗora yatsa a kan layin nan ya ce, "Yaro, kifin bayan ƙwai ka sayo." Na ce, "Baba, ban gane ba." Ya zaunar da ni.

Titus na arewa maso gabashin tekun Atlantika yana zuba ƙwai ne daga ƙarshen sanyi zuwa tsakiyar shekara, galibi a ruwan da ke yammacin Birtaniya da Ireland. Yana shiga wannan lokaci bayan ya yi watanni ba ya cin abin kirki, ƙwan kuma ya ƙarasa zuƙe sauran man da ke jikinsa. A Afrilu da Mayu yana kan ramarsa, man jikinsa ba ya kai kashi 10 cikin 100. Daga nan sai ya nausa arewa, tekun Norway, ya yi ta kiwo duk tsawon watannin ɗumi. Kafin Satumba da Oktoba ya cika ya batse, mai ya doshi kashi 30 cikin 100. Wannan na ƙarshen shekarar shi ne masu saye daga Japan da Koriya ta Kudu ke rububi, suna biyan kuɗi mai tsoka. Suna ɗaya, zane ɗaya, katan iri ɗaya, amma kaya biyu ne daban. Ni na ɗauko na banzan, kuma mai kayan ya san dalilin da ya sa yake gaggawa: yana share ɗakinsa ne kafin sabon kamu ya sauka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kuskure na biyu da na ɗora a kan na farko. Tsohon nan ya ce in karya farashi tun a Agusta in rabu da su, asarar da zan yi kaɗan ce. Na ƙi. Na ce ai kifi ya yi ƙaranci a kasuwa, dole a zo a nema. Ƙarancin kam gaskiya ne, don tsohon kamu ya ƙare sabo bai iso ba, amma duk da haka katan ɗai-ɗai nake fitarwa, wanda ya saya sau ɗaya kuma ba ya dawowa. Kullum kuɗin ajiya yana tafiya, don dole sanyi ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili dare da rana. Ana shiga ƙarshen Oktoba sabon titus ya fara sauka, mai ƙiba, fata na ƙyalli. Daga ranar ba wanda ya sake kallon nawa. Na sayar da ragowar ƙasa da yadda na saya, nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado, na ji wannan tun ina yaro, amma sai da na biya kuɗin makaranta na fahimta.

Tun daga nan na daina kallon samaniyar da ke kaina in ina lissafin farashi. Yanayin da ke juya kasuwar kifin teku yana can inda jiragen suke, kuma sau da yawa ya riga ya wuce da watanni kafin ka ji shi a aljihunka. Ɗanyen kifi wanda ba a daskarar ba shi ne mai saurin fushi. A yi iska mai ƙarfi kwana uku, ƙananan jirage su kasa fita, farashi ya tashi a wuni ɗaya. Sabon shiga sai ya ruɗe ya yi ta saye da tsada yana tsoron kada ya rasa. Teku na lafawa duk jiragen su fita tare su dawo tare, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas, shi kuwa yana riƙe da kayan tsada da ba sa jiran gobe. Har farin wata yana da nasa hannun. Masu kama sardin da dare da hasken fitila sun fi samu in wata ya yi duhu, in ya cika kifin ba ya taruwa a fitilar, kamu ya ragu. Ranar da aka fara gaya mini na ɗauka camfi ne.

Akwai kuma wanda ma a rubuce yake, rashin bincike ne kawai ke sa ya zo wa mutum ba zato. Indiya tana hana manyan jiragen kamun kifi fita a gaɓarta ta gabas daga 15 ga Afrilu zuwa 14 ga Yuni, a ta yamma kuma daga 1 ga Yuni zuwa 31 ga Yuli, lokacin damina da hayayyafar kifi. Sin tana rufe kamu a tekunanta daga 1 ga Mayu har zuwa Agusta ko Satumba, gwargwadon yanki. Ba asiri ba ne, kowace shekara haka ake yi. Yanzu duk suna cikin ɗan littafin da nake yawo da shi, kusa da watannin ƙiba da ramar kowane kifin da nake saye.

Wanda littafin bai hango mini ba shi ne na 2023. Ruwan tekun Pasifik ya ɗumama, abin da ake kira El Niño, har Peru ta soke zangon farko na kamun ƙananan kifin nan ancobi a babban yankin kamunta. Na ji labarin na ce ina ruwana, ban taɓa sayar da ancobi ba. Ashe da shi ake yin garin kifi da man kifi da ake haɗa abincin kifin kiwo da jatan lande, kuma Peru ce kan gaba a duniya wajen fitar da su. Abinci ya yi tsada, masu kiwo suka ji a jikinsu. Wannan karon dai na tambaya da wuri, ban ɗaure kaina da alkawarin farashi na dogon lokaci da kowa ba, na tsira. Na ji daɗin kaina ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Kada wani ya ji labarina ya ce to shi kenan, a cika ɗaki da na Oktoba a kulle. Na gwada, saura ƙiris in sake ƙonewa. Kifi mai mai ya fi ramamme saurin juyawa a ajiya. In ya daɗe, ko sanyi ya riƙa hawa da sauka, man sai ya fara yin rawaya a gefen ciki, ɗanɗano ya canza, ɗan warin tsohon mai ya fito. Allah Ya taimake ni na lura da wuri na fitar da su. Yanzu ina sayen abin da na san zan iya juyawa cikin 'yan watanni, ko da an ce farashi zai hau.

Dillalin nan har yanzu muna gaisawa. Na taɓa yi masa ƙorafi, ya ce, "Alhaji, ai a rubuce yake a jiki, ban ɓoye maka ba." Haushin da nake ji shi ne gaskiya ya faɗa. Dattijuwar kuwa sai da ta yi shekara guda cur kafin ta sake ɗaukar kaya a wurina, kuma har yau ba ta biya sai an narkar da kifi ɗaya a gabanta ta danna cikinsa da yatsa. Bara dillalin ya sake kira na a watan Yuli, wai ga wata kwantena mai sauƙi. Na ce ya ɗauki hoton gefen katan ya turo mini. Har yanzu ina jiran hoton.