Saƙon Godiya Daga Bankok: Ga Waɗanda Suka Buɗe Mini Baki da Waɗanda Suka Yi Jinyar Fuskata

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Alhamdulillahi. Cikin ikon Allah na kammala digirina na biyu a fannin adana amfanin gona bayan girbi a birnin Bankok na ƙasar Tailan. A makon nan kuma likitar fatar da ke duba ni ta ce ƙurajen fuskata sun kwanta, ta rage mini magani, ta rubuta mini takardar da zan kai wa likita idan na koma gida. Hotunan bikin sun riga ni isa wurinku, na kuma ga addu'o'inku, na gode. Amma akwai mutanen da ba su fito a hoton ba: waɗanda suka koya mini magana a ƙasar da na sauka ban san ko gaisuwarsu ba, da waɗanda suka tsaya mini lokacin da fuskata ta hana ni sakewa cikin jama'a. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda bai gode wa mutane ba, bai gode wa Allah ba. Ba zan kama sunan kowa ba, don akasarinsu ba sa son a fito da su fili, amma kowa zai gane kansa.

Ina godiya ga gwamnatin Tailan da ta ɗauki nauyin karatuna, da malaman sashenmu, musamman farfesar da ta duba aikina a kan busar da shinkafa da adana ta. Allah Ya saka da alheri.

Da Turanci muke karatu, to amma Turancin a bakin ƙofar makaranta yake tsayawa. Ɗan acaɓa mai riga ruwan lemo, mai karɓar kuɗi a jirgin ruwan da ke bin mashigin ruwan Saen Saep, mai kayan miya, mai gidan da nake haya, duk da yaren Tai suke magana. Ga Musulma kuwa abin ya wuce maganar ciniki. Naman alade ya yi yawa a girkinsu, har a romo da man suya. Kayan gwangwani da na leda suna da tambarin halal na majalisar Musulunci ta ƙasar, amma abincin bakin titi sai kin buɗe baki kin tambaya. Watannin farko da burodi da ƙwai da ayaba na rayu.

Malamata ta farko wata dattijuwa ce Musulma mai sayar da dafa-dukan shinkafa da kaza, wanda suke kira khao mok kai, a unguwarmu ta Ramkhamhaeng. Musulmi kusan kashi 5 cikin 100 ne a ƙasar, kuma suna da yawa a wannan yankin na Bankok. "Pa" nake kiran ta, yadda suke kiran macen da ta girmi uwar mutum. Ranar da ta fara ganina da hijabi ta yi mini sallama, ta zuba mini abinci. Daga nan ta kafa mini doka: nuni da yatsa ya ƙare, in dai ina son abinci sai na faɗa da baki. Ta koya mini ƙirga daga nueng, song, sam har roi, wato ɗari. Ta koya mini "thao rai" idan zan tambayi kuɗin abu, da "mai sai mu" don kada a sa alade, da "mai phet" idan ba na son yaji. Ita ta nuna mini cewa mace tana rufe magana da "kha", namiji kuma da "khrap", kuma idan babu wannan sai maganar ta fito babu ladabi ko da kalmomin daidai suke. Ba ta taɓa gajiya da maimaici ba, ko layi ya yi tsawo a gabanta. Pa, kin ciyar da ni, kin kuma riƙe ni riƙon 'ya. Allah Ya yi miki sakayya da Aljanna.

Ta biyu wata ɗaliba ce 'yar ajin ƙasa da mu, wadda nake kira "nong", wato ƙanwa, ita kuma tana ce mini "phi". Ita ta zauna da ni a kan karin sauti, wanda shi ne ke karya gwiwar yawancin baƙi. Yaren Tai yana da karin sauti 5: na tsakiya, na ƙasa, na sama, mai faɗuwa da mai tashi. Idan kika ce "klai" da murya a miƙe kin ce nesa, idan kika faɗo da muryar kin ce kusa, kuma direban tasi da abin da ya ji zai yi aiki. Abokan karatuna da suka taso da Turanci ko Larabci sun sha wuya a nan, wasu ma ba sa jin bambancin sam. Ni kuwa Hausa ta yi mini rana. Kunnen da ya saba raba kukan yaro da kukar miya, ya saba kuma da dogon wasali da gajere, ba baƙo ba ne a wannan fagen. Abin da ya rage shi ne harshe ya bi kunne. Nahawun kansa da sauƙi, aikatau ba ya sauya siffa, babu rabon namiji da mace a suna. Rubutun ne aiki, baƙaƙe 44 ga wasula a sama da ƙasa da gaba da baya, kuma ba sa raba kalmomi da fili. Nong ta ce in bar rubutu tukuna in kama magana, kuma na ga amfanin shawararta. Ƙanwata, ba ki taɓa karɓar ko baht ɗaya a hannuna ba. Na gode.

Ƙurajen sun fara ne bayan 'yan watanni da zuwana, suka tsananta da shigowar zafi a watan Maris na 2024. Zafin Bankok ba irin na Kano ba ne. Yakan haura digiri 35, ga laima a iska, gumi ba ya bushewa a jiki. Na haura shekara talatin, kuma ko lokacin da nake budurwa ban yi ƙurajen fuska ba. Waɗannan kuwa manya ne, masu zurfi, masu zafi, a haɓa da gefen muƙamuƙi har wuya, daidai inda hijabi ke kamawa. Duk lokacin da al'ada ta kusa sai su taso, kowane ɗaya kuma idan ya tafi sai ya bar baƙin tabo da ke daɗewa. Mutane suna ɗaukar abin da wasa, suna cewa ai ƙuraje ne kawai. Wadda ta yi ta san ba haka ba ne. Na kai ga rufe kyamara idan ina waya da yarana. Na daina zama a gaban aji. Akwai ranar da zan gabatar da aiki, na kwana ina kuka.

Shawara kuwa ta zo daga ko'ina, kuma na san duk da ƙauna aka ba ni: lemon tsami, man goge baki, kurkum, sabulun salo, gogewa da sukari. A kasuwa wata ta miƙo mini ɗan kwalin mai marar rubutu, ta ce cikin mako guda fuskata za ta yi sumul har ta yi haske. Kafin in shafa na kai wa mai kantin maganin layinmu. A nan ne ɗan yaren da na koya ya fara biya na, don na fahimci abin da take faɗa. Ta ce irin waɗannan haɗin sau da yawa akwai sitiroyid a ciki, wani lokaci har da sinadarin makuri. Kwanakin farko fuska takan yi kyau, daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, ƙuraje su dawo fiye da da. Ta ƙi sayar mini da komai, ta ce in je asibiti sashen fata. 'Yar kasuwa ce, tana iya cika mini leda da magunguna ta karɓi kuɗina, amma ba ta yi ba. Ba zan manta da wannan amanar ba.

Zuwana na farko asibiti wani abokin karatu ne ya raka ni yana yi mini tafinta, Allah Ya saka masa. Sai dai maganar al'ada da juna biyu ba abin da mace za ta bi da shi ta bakin namiji ba ne. Likitar tana jin Turanci, amma ma'aikaciyar jinyar da ke ɗaukar bayani da masu ba da magani da yaren Tai suke aiki. Nong ta zauna da ni muka haddace abin da nake buƙata: siu ƙuraje, chep ciwo, saep raɗaɗi, khan ƙaiƙayi, pracham duean al'ada. Ta nuna mini yadda zan gane "kafin abinci", "bayan abinci" da "kafin barci" a jikin ledar magani. Ta kuma fahimtar da ni cewa 2567 da na gani a katin asibiti shi ne 2024, don kalandarsu ta gabaci ta Miladiyya da shekara 543. Da na koma ni kaɗai na yi bayanina da bakina, na tabbatar zuwa da kai ya fi aike.

Likitata, ina gode miki a kan abu ɗaya fiye da komai: kin saurare ni, ba ki raina ciwona ba. Ta bayyana mini cewa ƙurajen manyan mata ba ƙazanta ke kawo su ba. Sinadaran homon ne ke sa fata ta yawaita fitar da maiƙo, ƙofofin gashi su toshe, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, wurin ya kumbura. Zafi da gumi da gogayyar ƙyalle da damuwa suna ƙara rura abin. Ta tambayi yadda al'adata take, ko gashi na fito mini a haɓa, ta sa aka yi gwajin jini don a duba matsalar ƙwan mace da ake kira PCOS. Alhamdulillahi ba ita ba ce. Ta ba ni adapalene in shafa ɗan kaɗan da dare, da benzoyl peroxide, wanda ta gargaɗe ni cewa yana cinye launin tawul da hijabi. Ta haɗa mini da ƙwayar doxycycline ta wata uku kawai, ta ce ba a daɗewa a kanta. Ta faɗa mini tun farko cewa sai an yi mako 8 zuwa 12 kafin a ga canji, kuma da fari fata za ta bushe ta yi ɓawo. Ba don ta faɗa ba da na yanke ƙauna tun a watan farko. Lokacin ya faɗo cikin azumi, ita kuwa mabiyar addinin Buda ce, amma ta tambaye ni lokutan cin abincinmu, ta ce in sha ƙwayar bayan buɗa-baki da ruwa mai yawa, kada in sha in kwanta nan take don tana ƙona maƙogwaro. Da ƙurajen haɓa suka ci gaba da biyo al'ada, ta sa ni a kan spironolactone bayan ta tabbatar ba ni da ciki kuma ba na shirin ɗauka. Tabon kuma azelaic acid da man kariya daga rana suka yi masa aiki a hankali. Ni a da na ɗauka baƙar fata ba ta buƙatar man rana, ashe rana ce ke ƙara wa tabon duhu.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Na koma hular ciki ta auduga ina sauya ta kullum, na hana man kitso sauka goshi, na daina matsa ƙurji, ina sake shafa man rana bayan alwala idan zan fita. Shayin Tai mai madarar gwangwani kuwa na koyi cewa "wan noi", a rage zaƙi.

Ina gode wa iyayena mata 'yan kasuwa daga Najeriya da Nijar da ke zuwa saro kaya a Pratunam. Hajiyoyi, kun kawo mini kuka da daddawa da yaji, kun zaunar da ni mun yi Hausa har na manta a ina nake. Ɗaya daga cikinku ta ɗaga mayafinta ta nuna mini nata tabon, ta ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ranar na samu sauƙin da magani bai ba ni ba. Na ji daɗi da daga baya ni ma na riƙa raka ku ciniki ina nema muku ragi da yarensu.

Hajiyarmu, kin riƙe mini yara, ba ki taɓa nuna gajiya ba. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya ba ni ikon kyautata miki. Yayata, ke kika riƙa tashi cikin dare kina amsa wayata, duk da tazarar awa 6 da ke tsakaninmu. Maigida, ka amince na taho, ka ɗauki kuɗin maganin da tallafin karatu bai biya ba, kuma ranar da na buɗe kyamara ka ga yadda fuskar ta koma, ba ka ce komai ba sai addu'a da tambayar yaushe zan koma wurin likita. Allah Ya bar mu tare.

'Yan'uwa mata da yawa sun turo suna tambayar wane mai na shafa. Don Allah ku yi mini uzuri, ba zan ce wa kowa ta je ta saya ba. Na kawo sunayen magungunan ne don ku san ciwon yana da magani a asibiti. Da yawansu ba su dace da mai ciki ko mai neman haihuwa ba, akwai ma wani mai suna isotretinoin da ke nakasa jariri a ciki. Ku nemi likitan fata, a asibitocin koyarwa akwai su, ku faɗa masa duk abin da kuke shafawa, har da man bilicin idan akwai, ba tare da jin kunya ba.

Nong ta yi alkawarin za ta karanta wa Pa da mai kantin magani wannan saƙon da yarensu idan na fassara mata. Duk wanda na manta ban ambata ba, ko na ɓata wa rai a zaman nan, ya yafe mini don Allah. Ku sa ni a addu'a, Allah Ya kawo ni gida lafiya.