Inda na kwana da waƙar mai labarin Kano

'Yan'uwa masu koyon rubutacciyar waƙa, mako uku ke nan ina fama da waƙar ba'ar nan da na ce zan yi wa wani mutum mai zuwa fadarmu a nan Maradi. Ba zan kama suna ba. Kullum sai an ɗora shayi na biyu zai ɓullo, ya shanye, ya cinye gyaɗa, ya dasa mana labarin wata tafiyarsa Kano da kowa ya haddace.

Na ɗauki karin Mutaƙarab, cikin karuruwa 16 na arulin Larabci, wato ma'aunin waƙar Larabawa, saboda tafiyarsa mai sauƙi ce: gajerar gaɓa ɗaya, dogaye biyu, a sake. Da farko na buɗe da "Idan ya zo fada", bakina ya yi ta sarƙewa ban san dalili ba. Sai da na buga gaɓoɓin da yatsa a kan benci na ji dogaye huɗu sun jeru: dan, ya, zo, fa. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, dole kunne ya yi aikin. Ga abin da ya zauna:

Idan ka ji motsi a bakin gida,
Ka sauke tukunya, ka ɓoye gyaɗa.

Wani dattijo da na rera wa ya ce, "Ɗana, da daban, ɗa daban, amsa-amonka ya rame." Gaskiyarsa, amsa-amo shi ne sautin da layuka ke ƙarewa da shi, kuma ƙarshen "gida" da na "gyaɗa" ba ɗaya ba ne. Amma gyaɗar nan ita ce dariyar baitin, kuma ba Bamaraden da zai yarda a cire gyaɗa saboda lanƙwasar harafi ɗaya. Na bar ta tukuna.

Abin da ya fi ba ni daɗi shi ne amshi. Na daina zaginsa da bakina, na ari nasa:

Ina muka kwana? A hanyar Kano.

Bayan kowane baiti sai ya dawo da mu nan. A karo na farko ba wanda ya yi dariya, a na uku 'yan fada suka fara karɓa, a na biyar har mai haɗa shayi ya zubar da kumfa. Na gwada maimaita shi sau 9, sai na ga ni ma na fara gundurar mutane kamar shi, na rage zuwa 6.

Saura baitin rufewa. Jiya ya zo ana tsaka da rerawa, ya karɓi amshin tare da mu, sannan ya gyara zama ya ce ai wannan ta tuna masa da wata tafiya da ya yi.