Abin da kai ƴan jardan kallon teyatur ya koya mini

Ɗan shekara 3 bai iya raba wasa da gaskiya ba tukuna. Idan mutum ya sa fuskar kura ya hau dandamali yana gurnani, to a wurin yaron nan kura ce ta shigo da gaske, ba ruwanshi da wai wani tonton ne ya sa kaya. Wannan shi ne babban abin da aikin tanti, wato malamar ƙananan yara, ya koya mini a jardan ɗin da nake nan Yamai, tun da muka fara kai yara kallon wasan kwaikwayo. Ƴan babban aji masu shekara 5 su yi ta ƙyaƙyata dariya, ƴan ƙaramin aji kuma wallahi wani sai ya ƙanƙame miki zane jikinshi na kyarma, alhali abu guda suke kallo.

Shi ya sa yanzu rabin aikin a cikin aji muke yin shi kafin ranar. Muna tambayar ƴan wasan wace tatsuniya za su yi, in ta Gizo da Ƙoƙi ce sai mu yi ta ba yara ita har su san inda kura za ta fito da yadda za a ƙare da ita, mu yanka kwali mu yi fuskar, in sa a gabansu in cire, in sake sawa in cire, kowa ya karɓa ya gwada har mai tsoron ma ya miƙo hannu. Kuma ina roƙon ƴan wasan su fito su gaida yara da fuskarsu a buɗe kafin a fara. Wanda ya yi kuka duk da haka ba a ce mishi "kai yi shiru, ba ka jin kunya", ɗaukar shi ake a zauna kusa da ƙofa, ya juya wa dandamali baya ya kwanta a ƙirjinki, in kin yi haƙuri za ki ga da kanshi yana leƙowa ta kafaɗa.

Sai maganar ƙara, wadda ita ce ta fi damuna. Wani wurin da muka je an ƙure bafil, wato lasifika, kamar na gidan biki, yara duk sun toshe kunne. Hukumar lafiya ta duniya OMS a 2022 ta ce kada matsakaicin ƙarfin sauti ya wuce desibel 100 a wuraren nishaɗi, wannan fa iyaka ce ta can sama, ina ga kunnen ɗan ƙaramin yaro. Tun daga nan nakan je wurin mai injin sauti da kaina in ce don Allah malam a rage, kuma ba ma zaunar da yara a layin da ke bakin bafil ko da nan ne aka fi gani.

Sauran ƙananan abubuwa kowa ya sani: a kai su bayi kafin a shiga, ruwa ya wadata, a maƙala wa kowane yaro katin sunanshi da lambar mamanshi, wasa kada ya wuce rabin awa sosai. Safiya ta fi, kuma watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 ba lokacin fita da su ba ne, balle a fili mai buɗaɗɗen sama irin na CCOG, cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, wanda lokacin sanyi ya fi daɗin zama.

Harshe ma na da nashi. Yaranmu Hausa ko Zabarmanci suke ji a gida, in aka yi wasan da Faransanci zalla sai su koma wasa da takalmansu. Amma ɗan wasa ya ce "gatanan gatananku" kawai, ki ji wuri ya ɗauka. Suna ihu suna gaya wa Ƙoƙi ga kura nan bayanki, wasu iyayen da suka rako mu sai su ji nauyi su fara tsawatarwa, ni kuwa nakan ce Hajiya bar su, kallon kenan. Ai ba baƙon abu ba ne gare mu, tashe da tobey-tobey da yara ke yi cikin azumi su ma wasan kwaikwayo ne. Kuma na lura ƴan tsana masu motsi sun fi kwantar wa ƙananan da hankali a kan babban mutum mai rufe fuska, Allah ya jiƙan Moustapha Alassane, mai shirya fim ɗin nan da ya zauna Tahoua ya rasu a 2015, ya daɗe yana aiki da ƴan tsana da zanen kwaɗi masu motsi, ina ma a samu matasa da yawa su riƙe wannan sana'ar.

Akwai uban da ya ce mini tanti me ɗan shekara 3 zai gane, ba ga katun a waya ba. Na ce mishi Alhaji ka zo lokacin hutun tara ka gani, kwana da kwanaki suna maimaita wasan a tsakar makaranta, har yarinyar da ba ta cika magana ba ta ce ita ce Ƙoƙi. Bana mun shirya da direktiris ƴan babban aji za su hau mota su je, ƴan ƙaramin aji kuma ƴan wasan ne za su zo su same su a inuwar bedin makaranta, ba mikoro ba bafil.