Ƙwallon Yamma a Birnin Kebbi: Mu Yi Wasa, Gobe Kowa Ya Fita Nema

Mafi yawan masu buga ƙwallo a Birnin Kebbi ba su taɓa shiga filin wasa na Haliru Abdu a matsayin 'yan wasa ba, kuma ba shi ne burinsu ba. Teloli ne da 'yan kabu-kabu da malaman firamare da ɗaliban kwalejin Waziri Umaru, da samarin da suka wuni a fadama suna ban ruwan shinkafa. Da an sallame la'asar sai su taru a filin makaranta, ko a wani fegi da mai shi bai kai ga ginawa ba, tun daga Badariya har Gesse da Rafin Atiku, a kafa duwatsu biyu a nan, biyu a can, a yi ta gumurzu har ladan ya kira magariba. Ina cikin waɗannan mutane tun ina saurayi, kuma ina son wannan wasa so na gaskiya, shi ya sa yadda muke yin sa yake damuna.

Muna kwaikwayon 'yan wasan da muke gani a gidan kallo, alhali ba mu da ko ɗaya daga cikin abubuwan da ke kare su. Idan ɗan wasan Ingila ya karye, kafin ya gama juyi a ƙasa likita ya iso kansa, kuma albashinsa ba zai tsaya ba ko da zai shekara yana jinya. Idan tela ya karye, keken ɗinkinsa ya tsaya ke nan. Ɗan kabu-kabun da aka karya wa sangali yakan yi wata uku zuwa shida kafin ƙashin ya haɗe sosai, a tsawon lokacin nan kuma mai babur yana jiran kuɗinsa, iyali suna jiran cefane. Saboda haka a ganina duk wata doka ta filin unguwa ya kamata ta taso ne daga tambaya guda: shin wanda ya shigo da ƙafafunsa zai iya fita nema da su gobe da safe?

Babban abin da ke hana haka shi ne keta. Kowa ya san irinta: mutum ya yanke ka sau biyu, 'yan kallo sun yi ihu, zuciya ta ɗebe ka, a karo na uku sai ka bar ƙwallon ka bi idon sawunsa. Tun a shekarar 1998 masu tsara dokokin ƙwallon ƙafa na duniya suka mayar da sharar ƙafa ta baya, wadda ke jefa ɗan wasa cikin haɗari, laifin jan kati, kuma tun 1990 aka wajabta sa makarin ƙwauri. Waɗannan dokoki an yi su ne domin mutanen da ke wasa a kan ciyawa mai laushi. Mu kuwa filinmu da rani tauri gare shi kamar daɓe, rabinmu ba su da makarin ƙwauri, wani yana sanye da takalmi mai ƙusoshi, na kusa da shi yana sanye da kambas, na uku ma ƙafarsa a sake take. A irin wannan wuri ban ga dalilin da zai sa a yarda wani ya zame a ƙasa domin ƙwace ƙwallo ba, ko ta gaba ko ta baya. A hana shi baki ɗaya. Mai tsaron baya na ƙwarai da ƙafafunsa a tsaye yake tare mutum. Haka nan idan akwai masu wasa babu takalmi, to mai ƙusoshin ƙarfe ya ajiye nasa a gefe.

Sai dai keta ba daga mugun hali kaɗai take fitowa ba, tsarin da muke bi shi ma yana haifar da ita, kuma nan ne nake ganin mutane ba su cika lura ba. A filaye da yawa al'adar ita ce wanda aka ci ƙwallo ɗaya ya fita, wanda ya ci ya zauna. Idan rukuni biyar ko shida ke jiran layi, wanda ya fita ya san da wuya ya sake shiga kafin magariba. Mutumin da ya rufe shago da wuri, ya biya kuɗin babur ya zo, yana kuma ganin kuskure ɗaya zai mayar da shi ɗan kallo, zai sa ƙafa inda bai kamata ba, zai kuma yi rantsuwa a kan ƙwallon da kowa ya ga ta fita. Maganin wannan ba shi da tsada ko kaɗan. A yanka wa kowane wasa lokaci, misali minti goma, a ba wani na waje agogon waya ya riƙe, kuma rukunin da ya yi wasa biyu a jere ya fita ya huta ko da shi ke cin kowa. Da zarar mutum ya tabbata zai sake shiga, sai ka ga fushin ya ragu, domin abin da ake jin tsoron rasawa ya ragu.

Rabon 'yan wasa shi ma yana buƙatar gyara. Idan aka bar kyaftin biyu suna zaɓe ɗaya bayan ɗaya, kullum mutum guda ne zai rage a tsaye yana kallon ƙasa, daga ƙarshe a ce masa ya je ya tsare raga. Baƙon da aka yi wa haka sau biyu ba zai dawo na uku ba, kuma sau da yawa shi ne ya fi kowa buƙatar filin, wataƙila ma'aikaci ne da aka yi wa canjin wurin aiki daga Zuru ko Yawuri, bai san kowa a gari ba. Ya fi kyau mutum ɗaya da ya san kowa ya raba gwanaye tsakanin rukunoni, a cike sauran da ƙuri'a, tsaron raga kuma a riƙa karɓa-karɓa. Wanda ya yi kuskure a bar shi da kuskurensa, ba sai an tara masa jama'a ba.

Ba mu da alƙalin wasa, kuma ba na jin muna buƙatarsa. Abin da kowane fili ke buƙata shi ne babba guda ko biyu waɗanda ake jin kunyarsu. A filin da nake zuwa akwai wani dattijon malamin makaranta da ya daina gudu sosai, amma bai daina zuwa ba. Wata rana wani matashi ya share ƙafar abokin wasansa ta baya, mutane suka yo ca, har an fara cin kwala. Malamin bai ɗaga murya ba, ya dai ɗauke ƙwallon ya riƙe a hammata, ya ce, "Zo nan, ɗana. Wannan da ka kayar, da ƙafar nan yake ciyar da gidansu. Ɗaga shi ka ba shi hannu." Yaron ya ce, "Wallahi Baba, ƙwallo na nufa." Ya ce, "Na yarda, amma ƙafa ka samu. Fita ka sha iska, in an jima ka dawo." Yaron ya fita ba tare da musu ba, bayan wasa biyu kuma ya dawo, ba wanda ya sake tayar da zancen. Hukuncin ya karɓu ne saboda ba a wulaƙanta shi ba, kuma saboda an san ko ɗan malamin ne ya yi haka, abin da zai faɗa ke nan. Irin wannan babba shi ne zai tsayar da ƙa'idar cewa wanda aka yi wa keta shi ke da ikon faɗa, a ba shi bugunsa ba tare da gardama ba, kuma duk wanda ya zagi iyayen wani ya gama wasan ranar. Shi ne kuma zai hana a sa kuɗi a kan wasa, domin ban taɓa ganin filin da caca ta shiga ta bar shi da zumunci ba.

Gyaran filin kansa aikin minti biyar ne. Kafin a fara, kowa ya jera a bi fili sau ɗaya a tsince kwalabe da ƙusoshi da gwangwanaye, a cike ramin da ruwan damina ya haƙa. Wanda ƙusa ko kwalba ta yanka ya wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, ya je a duba ko yana buƙatar allurar titanus, maimakon barbaɗa ƙasa ko zuba man birki.

Zafi kuwa ba abin rainawa ba ne a ƙasarmu. Daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi a Kebbi yakan haura 40, kuma bayan la'asar ƙasa ba ta riga ta huce ba. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Burazil, an tsayar da wasan Holan da Meksiko a birnin Fortaleza domin 'yan wasa su sha ruwa su huce, kuma waɗannan mutane ne da horo ya zame musu sana'a. Babu abin kunya idan mu ma muka tsaya kowane kwata muka sha ruwa, jakar ruwan leda ɗaya ta wadatar da fili guda. Wanda ya fara jiri, ko amai, ko magana ba kan gado, a fitar da shi nan take zuwa inuwa, a cire masa riga, a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, a kuma nemi abin hawa zuwa asibiti. A watan azumi, musamman idan ya faɗo cikin bazara, wasan kafin buɗa baki ganganci ne. A mayar da shi bayan asham inda ake da haske. Da damina kuma, da an ji tsawa a watse, kada a fake a gindin itace, kada kuma a dawo sai an yi rabin sa'a da jin ta ƙarshe.

Akwai al'adar da nake so mu ɗauka, wato ɗumama jiki. Mu daga kan babur muke faɗawa cikin wasa, shi ya sa ciwon cinya da targaɗe ba sa rabuwa da mu. A 2006 masana lafiya na FIFA tare da wasu cibiyoyin bincike suka fito da tsarin motsa jiki na minti ashirin mai suna 11+, wanda ya ƙunshi sassarfa, da ƙarfafa cinya da ƙugu, da tsayuwa a ƙafa ɗaya, da koyon dira ba tare da gwiwa ta karkata ciki ba. Ba ya buƙatar wani kayan aiki na musamman. An gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, kuma sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin ɗari. Na san da wuya masu jiran layi su yarda da minti ashirin, amma ai lokacin jiran nasu ne, maimakon zama a kan dutse suna musun Arsenal da Chelsea, sai su yi shi a gefen fili kafin layinsu ya zo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da wani zai yanke jiki ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Samuel Okwaraji, ɗan wasan Najeriya, haka ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ranar 12 ga Agusta 1989, ana wasa da Angola, kuma bai tashi ba. Christian Eriksen na Denmak haka ya faɗi ranar 12 ga Yuni 2021, amma an fara danna masa ƙirji cikin gaggawa, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, ya rayu har ya buga gasar cin kofin duniya ta 2022 a Ƙatar. Mu idan haka ta faru, abin da muka saba shi ne a kewaye mutum, a yayyafa masa ruwa, a cusa masa cokali a baki, wani ya ce farfaɗiya ce. Ƙwaƙwalwa kuwa takan fara lalacewa cikin 'yan mintoci idan jini ya daina kai mata. Wanda ya faɗi haka, ba ya amsa kira, ba ya numfashi yadda aka saba, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya: a kwantar da shi rigingine, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓar juna, kada a daina har a danƙa shi ga ma'aikatan lafiya. Wannan abu da hannu ake koyonsa, kuma ƙungiyar Red Cross ta Najeriya tana koyar da taimakon farko, tana da reshe a kowace jiha. Ya dace kowane fili ya tura mutum biyu ko uku su koya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda ya gwara kai har ya ruɗe, ko ya kasa tuna abin da ya faru, wasansa na ranar ya ƙare ko da ya rantse ya warke. Wanda ake zaton ya karye kuma kada a ja ƙafar da sunan gyara; a tallafe ta da katako, a ɗaure sama da ƙasan wurin, a kai shi asibiti a ɗauki hoto. Ina girmama masu ɗori, da yawa daga cikinsu gadon gidansu ne, amma karayar da ƙashi ya huda fata, ko wadda ta shiga gaɓa, aikin likitan ƙashi ce, kuma ɗaurin da ya matse har yatsu suka yi sanyi ko suka canza launi yana iya jawo asarar ƙafar gaba ɗaya.

Duk wannan yana buƙatar ɗan asusu. Idan kowa yana jefa abin da ya sawwaƙa a ƙarshen mako, za a sayi ruwa da bandeji da auduga da maganin wanke ciwo, a kuma rage wani abu na kuɗin Keke zuwa asibiti da na dubiya. Mai riƙe asusun ya rubuta lambar wayar ɗan'uwan kowane ɗan wasa, ya kuma san mai asma da mai hawan jini. Daga cikin kuɗin nan nake so a sayi ƙwallo ta biyu domin iyayenmu da yayyenmu da suka daina zuwa saboda tsoron samari. A Ingila, tun daga 2011 aka fara ƙwallon tafiya domin waɗanda suka haura shekara hamsin, inda gudu laifi ne, karo ma laifi ne. Ranar Asabar bayan sallar asuba fili babu kowa kuma gari da sanyi, mutum goma da ƙaramin fili sun isa a fara.