Maganin ciwo na tayar miki da zuciya? Dan Allah kar ki ajiye shi a ɓoye

Duk wanda ya daɗe kan maganin ciwo mai ƙarfi ya san wannan halin. Ki sha ƙwaya ciwon ya fara lafawa, kafin ki gama hamdala miyau ya fara taruwa a baki, zuciya ta hau tashi, kai ya yi nauyi, ko ƙamshin soya albasa daga maƙota ba kya son ji. Ni mai sikila ce, nan Tudun Wadar Kaduna nake, kuma tunda ƙashin ƙuguna ya fara lalacewa ciwo ya zame min na kullum, shi ya sa likita ya ɗora ni kan tiramadol. To wannan tashin zuciyar na san shi ciki da waje.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar da nake yawan ji a layin ganin likita, wata ta ce wallahi ni na ajiye shi, gara ciwon da aman. Kuma in ta shiga ciki ba za ta faɗa wa likitan ba. Na gane dalili fa. Tun 2018 da gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, ga kamen da NDLEA ke ta yi na tiramadol mai miligiram 225, duk wanda ya ambaci sunan maganin nan sai a bi shi da wani irin kallo, mu masu sikila kuwa dama an saba zarginmu da son allura. Sai mutum ya ji tsoron cewa likita a canja min, kar a ce ƙwaya yake nema. Haka za ta koma gida ta kwanta da ciwon da akwai maganinsa, wannan abin yana ƙona min rai.

Ba cikinki ne ya lalace ba. Dangin magungunan nan, tiramadol da kodin da mofin, suna taɓa wani wuri a ƙwaƙwalwa wanda aikinsa lura da abin da ke cikin jini, in ya ji baƙon abu sai ya ba da umarnin amai. Suna kuma sa sashen cikin kunne da ke riƙe daidaiton jiki ya riƙa saurin jin motsi, shi ya sa in kin sha magani kika hau keke daga Kasuwar Barci zuwa Kawo kafin ki sauka kin galabaita, amma in kina kwance shiru abin da sauƙi. Sannan suna rage tafiyar hanji, abinci ya daɗe zaune a ciki, bayan gida ya ƙi fita.

Labari mai daɗi a nan, ga yawancin mutane tashin zuciyar yakan ragu da kansa cikin ’yan kwanaki zuwa sati ɗaya ko biyu in jiki ya saba, yakan ɗan dawo ne idan an ƙara adadin maganin. Amma taurin bayan gida shi ba ya sabuwa, muddin kina kan maganin yana nan, kuma wallahi mutane da yawa da ke kukan tashin zuciya bayan wata da watanni cushewar ciki ce ke damunsu ba su sani ba, don kunya ba ta barin mu faɗi kwana nawa muka yi ba mu zaga ba. Ki faɗa. Ni gwanda da kankana da miyar kuɓewa da zogale suna taimaka min, da kunun tsamiya, da ruwa sosai, amma sau da yawa sai an haɗa da maganin sassauta ciki wanda likita zai rubuta.

Wajen abinci kuwa, ba na shan ƙwaya da cikin wofi. Ɗan koko marar yaji, ko burodi, ko busasshen biskit, ko ayaba, kaɗan dai. Cika ciki da tuwo lokaci guda ya fi rashin ci tayar min da zuciya, gara kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ƙosai da awara da duk abin da ya sha mai ina barinsu sai can da yamma. Citta tana min amfani, ɗanya nake yankawa a ruwan zafi in riƙa kurɓa, ba mai yawa ba don in ta yi ƙarfi tana sa ƙwannafi. Bayan na sha magani nakan jingina da filo in zauna shiru kamar rabin awa, ba shara ba sunkuyo ba waya.

In duk wannan bai yi ba akwai maganin amai, kuma a nan nake roƙo kar a tsaya wajen mai kemis a ce a ba ni na amai kawai. Phenergan da kowa ya sani yana sa barci, in ya haɗu da maganin ciwo mai sa barci numfashi na iya raguwa. Metoclopramide, wanda aka fi sani da Plasil, ba a son a wuce kwana 5 ana shansa, kuma yakan sa wuya ya murɗe ido ya kafe sama musamman ga matasa, a gida sai a ɗauka iskoki ne alhali magani ne. Ondansetron yana ƙara taurin bayan gida, kuma haɗa shi da tiramadol sai da sanin likita. Shi likitan yana da hanyoyi da yawa, zai iya rage adadin a riƙa hawa a hankali, ko ya ba ki mai narkewa sannu-sannu, ko ya canja miki wani gaba ɗaya don wanda ya ƙi ki yana iya karɓar wata. Mai narkewa sannu-sannun nan ba a tauna shi ba a daka shi, in an fasa duka maganin zai shiga jini lokaci guda.

Ajiye maganin farat ɗaya bayan an daɗe ana sha shi ma yana kawo amai da zufa da gudawa da rashin barci, sai ki rasa gane wanne ne wanne. Kuma in kin yi amai bayan shan ƙwaya kar ki maimaita da kanki, ba ki san nawa ya riga ya shiga jini ba, tiramadol in ya yi yawa yana sa jijjiga irin ta farfaɗiya, iyakarsa ga babba miligiram 400 ne a yini, wasu ma ba za a kai su nan ba.

Ga ’yan uwana masu sikila, amai a wajenmu ba ƙaramin abu ba ne, ruwan jiki na raguwa jini zai fara toshewa ciwo ya tashi, balle a zafin Maris da Afrilu na garin nan. In ruwa ma ya ƙi zama, ko ORS, ruwan gishiri da sukari, kika sha ya dawo, ki tafi asibiti a sa miki ruwa, kar a jira gari ya waye. Haka in an ga jini a amai, ko aman ya yi baƙi, ko bayan gida baƙi ƙirin, wannan ya fi faruwa ga masu haɗawa da diclofenac ko ibuprofen don su bangon ciki suke ci. In kuma mara lafiya ya yi barcin da ake tashinsa da ƙyar numfashinsa na fita a hankali, a ɗauke shi nan take.

Masu tambayar azumi, ki je ki ga likitanki tun kafin watan ya kama a tsara miki lokutan sha, kar ki haɗe na yini duka ki watsa da sahur. In ya ce jikinki ba zai ɗauka ba, ki sami malami ki yi masa bayanin ciwon yadda yake, da wanda ake sa ran warkewa da wanda ba a sa rai hukuncinsu ba ɗaya ba ne.